Shayin Zazawa da Hausar 'yata

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Bani Malik a Jidda, ni da 'yata, za mu Turkiyya bikin ɗan abokin aikina. Shekara da shekaru muna gidan burodi ɗaya a Jidda ina ce masa Baturke, sai da tafiya ta kama ya gyara min: shi Bazaze ne, harshensu Zazaki, kuma yaransu na neman barinsa. Maganar ta soke ni, don 'yata a Jidda aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma ko me na ce sai ta amsa da Larabci. A jirgi ma na yi ta tsokanarta, iyakarta "Halas, ya Baba," wato ya isa haka.

Daga Istambul muka sake jirgi zuwa Bingol. Gari ne tsakanin duwatsu, ga sanyi, ni kuwa na zo da silifas. Zuma araha, burodinsu kuma na yaba, duk da kishin sana'a. Mahaifiyar abokina ta burge ni. Jikan da ya yi mata Turkanci sai ta koma kurma, in ya juya Zazaki nan take kunne ya buɗe.

Aka kawo shayi. Na sha, na girgiza kofi yadda muke yi a Jidda in mutum ya ƙoshi. Aka ƙara. Na sake girgizawa, tsohuwa ta ga baƙo na murna, ta sake cikawa. Cikina ya ɗaure tamau, kunya ta hana ni magana.

'Yata ta lura su cokali suke ɗorawa a bakin kofi in sun gama. Ba dama ta faɗa da Larabci, abokina da 'ya'yansa duk suna ji. Sai ta sunkuyo ta ce, "Baba, ɗora cokali a kan kofin, kar ka fashe!"

Wallahi farin ciki ya sa na manta da cokalin, aka ƙara min wani. Tsohuwa ta sa aka tambaye ni wane harshe ne wannan. Na ce namu ne. Ta jawo yarinyar ta sumbaci goshinta.

Mun dawo Jidda lafiya. Na gane yaro ba ya riƙe harshe sai ya ga ranarsa. Yanzu ko a kanti sai ta matso ta yi min gulmar mai shago da Hausa, ni kuma ina ta ba ta bakin zance.