Mashi da Igiya

Maigidana shan inna ya kama shi tun yana yaye, ƙafafun suka shanye, amma Allah ya mayar masa a kafaɗa. A cikin kwalekwale, a kogin Haɗeja, babu masuncin da ya kai shi jifan mashi. Yana zaune zai hangi ruwa ya motsa, kafin ka ce me, ga giwan ruwa tana shure-shure a bakin ƙarfe. Da ya fito tudu kuwa sai rarrafe.

Ni ke wankin, saboda haka ni na san abin da rarrafe ke yi wa riga. Yana da wata farar riga da ya ɗinka tun aurenmu, tana ninke a adaka, bai taɓa sa ta ba. Ya ce ba zai ja ta a laka zuwa masallacin Juma'a ba. Abin yana cin sa, ni ma yana ci na.

Bayan yaƙin basasa aka fara shirya wa guragu wasanni a Kano. Wani malamin makaranta ya zo har gida ya ce akwai jifan mashi, kuma wanda ya ci za a ba shi keken guragu. Maigida ya dubi adaka. Ni kuwa na ce wallahi ba za a tafi a bar ni ba, ina da 'yar'uwa a Fagge. Muka hau jirgin ƙasa daga Malam Madori.

To ga inda gizo ke saƙar. Masuncin wajenmu ba ya jefa mashi sai da igiya, ɗaya bakin a mashi, ɗaya a wuyan hannunsa. Da ya jefa sai ya fizgo. Wanda ya bar mashinsa ya bi ruwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ba wanda ya gaya wa mutanen Kano wannan, mu ma ba wanda ya tambaye mu.

Aka zaunar da shi a kujera, aka miƙa masa mashin Turawa, siriri, ko ƙugiya babu. Ya zaro igiyarsa daga aljihu ya ɗaura a ɓoye. Ya jefa. Kai! Mashin nan ya wuce na kowa, filin ya ɗauki sowa, masu awo biyu suka ruga da tef ɗin awo. Suna isa, mashi ya tuge kansa ya kamo hanyar gida cikin ciyawa. Suka juyo suka bi shi a guje, ɗaya yana ihu a tare. Maigida yana ta jawowa, fuskarsa a murtuke, har ya dawo hannunsa.

Alƙalin wasa ya ce, "Malam, mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, kayanku ne na dawo muku da shi."

Aka soke jifan, aka kwance igiya. Karo na biyu ya ɗaga, ya wurga, yatsu suka ƙi saki. Mashi ya faɗi a gabansa, kusa da inda akuya ma za ta iya tofa yawu. Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, zuciyata tafasa take.

Saura jifa ɗaya. Na tsallake shinge, ɗan sanda yana kira na, ko waiwaye ban yi ba. Na ce, "Maigida, ka dube ni. Shekara nawa ina dirzar gwiwar rigunanka? Hannuna ya gaji!"

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hannun ne ba ya yarda. In bai ji igiya ba, ba zai saki ba."

Na juya ga alƙali na ce ko dokarsu ta hana mutum ɗaura igiya a hannunsa. Suka haɗa kai, suka yi ta Turanci, suka ce muddin ba ta taɓa mashi ba. Na ɗaura masa a wuyan hannu, na riƙe ɗaya bakin, na ja baya na tsaya.

Ya yi bisimilla ya jefa. Mashi ya tafi, ya tafi, ya kafe can nesa, ya zauna abinsa. Ni ce ban zauna ba. Mutumin nan ya fizgi igiya da ƙarfin da yake jawo giwan ruwa, sai ga ni a ƙasa, mayafi a gabas, takalmi a yamma. Bai daina ja ba sai da na iso gindin kujerarsa. Ya leƙo ya ce, "Au, ke ce?"

Ya ci keke. Daga baya ya yi jifa a Kaduna, ya yi a Ikko, kullum da igiyarsa a hannu, sai dai na ce a nemi gungume a ɗaura.

Juma'ar farko da muka dawo, ya sa farar rigar. Ta ɗan matse shi a kafaɗa, tana ƙanshin adaka. Keken ya kafe a yashin ƙofar gidanmu, masunta 'yan'uwansa suka tura shi suna tsokanarsa, wai a ɗaura masa igiya kada ya ɓata. Ni kuwa na ɗebo ruwa na jiƙa sabulu, yadda na saba kowace Juma'a.

Da ya dawo ya tuɓe ya miƙo mini. Na duba gwiwa, na duba gefe, na juya ta ciki. Fara tas. Na rasa abin da zan wanke, sai na zauna a bakin ƙwarya na yi ta kuka.