Neman Dangin Tsoho a Lozells

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, ina karatu a Manchester, ina kuma aiki a wani gidan kula da tsofaffi a unguwar Gorton. Cikin waɗanda nake kula da su akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, mutumin Kudancin Amurka. Mantuwa ta cinye masa komai, sunan gidansu kawai ya riƙe. In ya faɗa sai ya bugi ƙirji, wai kakan kakanninsa ne Basifaniyen da ya ƙetare teku zamanin mulkin mallaka, ya bi wani kogi har aka sa wa kogin sunansa.

Da ya rasu, gawarsa ta yi ta zama a firjin asibiti. Manajarmu ta ce an rage wa ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma, mai neman dangin mamata ranakun aiki, kuma in ba wanda ya fito, ƙone shi za a yi. Ni da na taso inda ba a barin gawa ta kwana, na ji maganar ban ji komai ba. Gajiya ta riga ta kashe mini jiki. Duk da haka na buga sunan a intanet. Kogi ya fito, da lardi, da tituna, da otal-otal, har da kifin gwangwani. Can ƙasa sai ga wani shagon shayi mai wannan suna a Lozells, a Birmingham, garin da tsohon ya taɓa ce mini 'yarsa take.

A wurinmu, in ka ga suna a ƙofa, masu sunan suna ciki. Ranar hutuna na hau bas. Ƙawar yayata da ke aure a can ta raka ni.

Mai shagon Basomale ne. Ya saurare mu da ladabi, ya shiga ciki ya ɗauko buhun kofi, ya nuna mana inda ya kwafi sunan.

"Ƙanwata, ai brand ne kawai, sunan kaya," in ji ƙawar yayata. "Ki bar wa council aikinsu. Taso mu je flat ɗina ki ci abinci kafin coach ɗinki na komawa ya tashi."

Na bi ta, na ci, har da ƙari.

Bayan makonni manajar ta tare ni a bakin ɗakin wanki, ta ce an ƙone gawar tsohon, ran Talata, ina bakin aiki. Na tambaye ta ko wani ya je. Ta ce direban motar gawa ya tsaya har aka gama.