Gwangwanaye Ukun Yaya Bawa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bawa makwancinsa, a damina irin wannan, gero ya fara fitar da kai. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa hawa keke tsakanin Kaura Namoda da Zurmi a wancan zamani ya san rumfarsa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Bawa Mai Keke ake ce masa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin wani ganganci da na yi bayan rasuwarsa ya biyo ni har ƙofar gida, kuma wani bawan Allah ne ya sha wahalarsa, ba ni ba.

Yaya Bawa bai yi boko ba. Ni aka kai makaranta har na zama malamin firamare, na kuma daɗe ina ganin na fi shi wayo. A rumfarsa akwai manyan gwangwanaye uku, ya shafa wa kowanne fenti: ja na kayan keken Ingila, kore na Indiya, fari na Sin. Duk keken da ya mutu murus sai ya kwance shi kaf, da noti da boris da sandar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kanta, ya wanke su da kananzir, ya zuba kowanne a gwangwaninsa. A idona duk kekunan nan baƙaƙe ne masu birkin ƙarfe, kamarsu ɗaya. Shi kuwa ya ce haƙoran da ke cikin notinsu sun bambanta. Saboda haka ba ya ɗora sufana a kan noti sai ya fara murza shi da yatsa. In ya zagaya sau biyu ya cije, sai ya cire ya nemi wani, ko da mai keken na tsaye a kansa yana huci.

Ni ne shugaban masu hucin. Nakan ce, "Haba Yaya, ja shi da sufana mana, ai shina shiga!"

Ko kallona ba ya yi. Sai ya ce, "Shina shiga, Malam Sani, amma ba shi hitowa lahiya. In bai tahi da yatsa ba, ba nashi na ba."

Ba ya ce mini Malam sai ranar da yake so ya tuna mini cewa karatuna bai kai bakin rumfarsa ba. Duk da wannan baƙar magana, da aka tura ni koyarwa Zurmi shi ne ya haɗa mini keke daga jan gwangwanin, ya kawo mini har gida. Na yi shekaru a kansa ban taɓa sauka a hanya don ƙafa ta yi wasa ba.

Daga baya babura suka cika gari. Keke ya zama abin hawan wanda bai samu ba, rumfar Yaya ta koma wurin faci da bugun iska. Amma bai daina tara ƙarafansa ba, muna yi masa dariya yana zubawa. Bayan sadakar arba'in mai rumfar da Yaya ke haya ya nemi wurinsa, aka ce ni ne namiji babba, in je in kwashe kaya. Ina zuwa na samo buhu ɗaya, na juye ja da kore da fari a ciki, na kira 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli suka tafi da shi. Matarsa, Yaya Hassi, ta ce mini da na bar ko jan nan. Na ce mata wa zai sake hawa tsohon keke a zamanin nan? Abin da ya shekara talatin yana warewa, na haɗe shi cikin lokacin da bai kai na alwala ba, na kuma koma gida ina jin na yi aiki.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da zai ɗaga kai ya ga ƙasar nan yau. Mutanen Katuru da Badarawa da ke cika masa rumfa bayan kasuwar Shinkafi, yanzu ba mai kama hanya sai ya yi sallama da iyalinsa sallama ta gaske. Ƙauyuka da yawa sun watse sun dawo cikin gari saboda 'yan bindiga. Man fetur ya fi ƙarfin talaka, kuma babur a daji kiran masifa ne, don shi suke fara nema. Sai ga tsofaffin kekunan da na ce ba mai sake hawa ana sauko da su daga rataye ana kakkaɓewa. Ina jin ba zai yi murna ba, ko da yake ta tabbata shi ne mai gaskiya da yake tara ƙarafansa. Abin da zai fara tambaya shi ne ina gwangwanayensa.

Malam Labbo na cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa unguwarmu. Gonarsa na can bayan Banga, da iyali tara a wuyansa. Ba a kwana a gona yanzu, ba a kuma bari yamma ta yi wa mutum a can. Da asuba yake hawa tsohon kekensa na Ingila, ya yi noma, ya juyo kafin la'asar. A ƙafa ba zai je ya yi aiki ya dawo da rana ba, don haka abincin gidansa na bana duk yana kan keken nan.

Makonni uku da suka wuce notin ƙafar baya na dama ya ɓace masa. Ya kai wa wani mai gyara a bakin tasha, mutumin kirki, amma wanda ya koyi sana'ar a kan kekunan yanzu. Ya ɗauko sabon noti mai ƙyalli, ya zagaya sau biyu ya cije, sai ya sa doguwar sufana ya danne shi da ƙarfin tsiya, daidai yadda na shekara ina ce wa Yaya ya yi. Kwana biyu bayan haka, a kan hanyar dawowa, haƙoran sandar suka zube, ƙafa ta karkace ta maƙale. Labbo bai iya barin keken a daji ba. Ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana waige, bai shigo gari ba sai da aka yi kiran magariba. Ya tarar da matansa sun riga sun fara kuka.

Washegari ya yi sallama a zaurena. Ya ce, "Malam, an ce mani kai na ƙanen marigayi Bawa. Na zagaye kasuwa dut, sandar da suka saidawa ba ta zama cikin ƙahwar wanga keke. Halan ya bar jan gwangwanin nan nashi? Haki na cin gerona, in sati ya wuce ban yi maimai ba, shi ke nan."

Na fi shekara talatin ina tsayawa gaban aji, ban taɓa jin kunyar da na ji a ranar ba. Na gaya masa gaskiya, na ce ni na sayar. Bai zage ni ba, ya ce Allah ya jiƙan Bawa, ya fara laluben takalmansa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A bayansa, jingine da bango, ga keken da Yaya ya haɗa mini. Gwiwa ta hana ni hawansa, amma duk Juma'a ina goge shi, kuma shi kaɗai ne abin hannun wana da ya rage mini. Wallahi sai da na yi ta kokawa da zuciyata, har Labbo ya kai bakin ƙofa, sannan na kira shi, na ce a cire sandar kekena a sa wa nasa.

Muka tura kekunan biyu zuwa bakin tasha. Mai gyaran ya zare sandar nawa, na ce a kawo tsohon notin Labbo na hagu, wanda bai ɓace ba, a gwada a kanta. Ya miƙa hannu zai ɗauki sufana, na riƙe masa hannu. Na ce, "Dakata. Da yatsa tukuna." Sai da maganar ta fita na gane muryar wa na ara. Na murza notin da kaina, ya tafi sumul har ƙarshe bai cije ba ko sau ɗaya. Mai gyaran ya karɓa ya gwada da nasa yatsan, sannan ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wani mutum ne da na raina.

Labbo ya yi maimai a kan lokaci. Amma hankalina bai kwanta ba, don sanda ɗaya na iya bayarwa, alhali na zubar da abin da zai tayar da kekuna masu yawa, kuma ban san mutum nawa irin Labbo ke saɓe da nasu a hanyoyin Zurmi da Shinkafi ba. Rumfar Yaya ta zama shagon cajin waya, gwangwanayensa an narkar da su tuntuni. Abin da na ga ya saura nasa shi ne haƙurin nan na yatsa biyu, kuma an ce mini mai gyaran bakin tasha ya ajiye gwangwani yana ware tsofaffin notuna. Allah ya jiƙan Yaya Bawa, ya yafe mini abin da na yi wa wahalarsa.

Kekena na nan a zaure ba ƙafar baya, na daina goge shi. Yanzu idan na sallame la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in fuskanci hanyar Banga, ba na tashi sai na ji ƙararrawar keken Labbo ta shigo lungu. Jiya ya makara, na tashi na zauna ya fi sau biyar kafin ya ɓullo.