Ƙafar Yaya a Tsakiyar Teku

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa na zamana a Dubai sun fara ɓace mini, amma akwai wata Asabar guda da na san ko tsufa ya kwashe mini komai, ita ba zai iya ɗauke ta ba. Ita ce ranar da muka fita kamun kifi a teku ni da yayana.

A lokacin ina aikin kago a Al Ras, ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya ina tura musu gida. Yayan nawa kuwa soja ne, ya kai muƙamin Saje. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin abin da ya gagare shi ba. Motarsu ce ta taka nakiya a arewa maso gabas. Allah ya yi da sauran shan ruwa a gaba, amma aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Bayan ya bar aiki sai na kawo shi wurina don a yi masa ƙafar roba mai kyau, ya kuma koyi tafiya da ita.

An yi ƙafa, ta zauna daidai, sai dai mai ƙafar ya ƙi sakin jiki da ita. Mutumin da a da in ya shigo gida sai kowa ya san ya shigo, ya koma zaman bakin taga, yana kallon masu tura buhunan kayan yaji a ƙasa. Ni kuma, yanzu da nake tunawa, ban bar shi ya sha iska ba. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, na riga shi. In ya yunƙura zai tashi, na tallafe shi. Har takalmi ni nake sa masa. A ganina alherinsa nake ramawa. Sai ga shi wata rana bayan la'asar ya ce in nema masa tikiti, gida zai koma, ya gaji da zuwa wurin masu koya masa tafiya. Saura mako shida ya gama, kuma likitar da ke duba shi ta riga ta gaya mini in ya yanke a nan, da wuya ya saba da ƙafar, sanda zai koma wa.

Ana cikin haka wani dattijo mai shago a Al Sabkha ya ba ni labarin abin da wasu 'yan kasuwarmu ke yi duk lokacin sanyi. Sukan haɗa hannu su ɗauki hayar jirgin ruwa, su fita da tsofaffin sojoji teku su wuni suna kamun kifi, kyauta. Wasu daga cikin sojojin gadi suke yi a kamfanoni, wasu magani ya kawo su, akan ma samu waɗanda har yanzu suna cikin kaki, jinya ta kawo su. Kifin da aka kama kuma a kai shi sadaka ga leburorin da ke masaukan Dubai Investments Park. Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi shi ba abin kallo ba ne. Sai da dattijon ya tako har gida, ya ce masa ba taimakonsa za a yi ba, hannun jan fatsa ake nema, domin mutane na can suna jiran kifin. Sai a nan Yaya ya ce to.

Muka isa bakin ruwa gari ya gama wayewa, mu goma sha wani abu. Na taho da jaka shaƙe da magunguna, da matashi, har da bargo. Matuƙin jirgin, wani Balarabe siriri da rana ta gasa, ya bi mu yana raba ƙwayar maganin jiri. Na ce ba na buƙata, ai kullum sai na tsallaka rafin Deira a abra, ƙaramin kwale-kwalen nan na fasinja, ni da ruwa mun saba. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce inshallah.

Kusa da Yaya aka zaunar da wani tsohon soja ɗan Nijar, mutumin Damagaram, wanda kowa ke kira da muƙaminsa, Ajidan. Hannunsa na dama dungu ne, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Tun kafin jirgi ya tashi ya tambayi Yaya inda ya yi aiki, da ya ji sai ya ce ashe sauro ɗaya ya cije su a bakin Tafkin Chadi, su suna wancan gefe. Ya shiga tsokana, wai sojan Najeriya sun iya fareti amma ba su iya dafa shayi ba. Na ga gefen bakin Yaya ya ɗan motsa, amma na shiga tsakaninsu ina gyara masa matashi, ina tambayarsa ko rana ta dame shi.

Muna barin bakin rafi, dogayen benaye suka fara ƙanƙancewa a bayanmu, sai na gane abra daban, teku daban. Jirgi ya ɗaga ya sauka, cikina ya ɗaga bai sauka ba. Kafin a jefa ƙugiyar farko na amayar da shayin safe da burodinsa, na bi da tuwon jiya. Aka kwantar da ni a wani benci a inuwa, a kan matashin da na kawo wa Yaya, aka lulluɓe ni da bargonsa. Ina jin ana dariya ƙasa-ƙasa, ko ƙarfin jin haushi ba ni da shi.

Daga inda nake kwance ina hango su. Ajidan ba ya iya maƙala gutsuren kifi a ƙugiya da hannu ɗaya, sai ya miƙa wa Yaya, ba roƙo ba lallashi, kamar mai ba da umarni. Yaya ya maƙala masa. Aka jima ya ɗaure wa wani zaren da ya tsinke, ya nuna wa wani yadda ake ƙullin da ba ya kwancewa. Suka kama ƙanana 'yan kaɗan. Wajen ƙarfe goma sai sandar fatsar Ajidan ta lanƙwashe kamar baka, zare ya riƙa warwarewa da ƙara. Matuƙi ya ce babba ne, kanad ne, irin dogon kifin nan mai ƙarfin tsiya. Ajidan ya danne sandar a hammata, amma ba hannun da zai juya abin naɗe zaren.

"Saje, tashi ka karɓa," in ji shi. "Kai ke da hannu biyu, ni ke da ƙafa biyu. Ni zan riƙe ka."

Na so in ce kada ya tashi, jirgi na tangaɗi, amma da na buɗe baki abin da ya taho ba magana ba ce. Yaya ya miƙe ba sanda. Ajidan ya zagaya bayansa, ya cusa hannunsa mai lafiya a bel ɗin Yaya, ya tokare ƙafafu. Aka shiga kokawa. In kifi ya ja, Yaya ya sassauta masa, in ya gaji, Yaya ya naɗe. Matuƙi na cewa shwaiya shwaiya, Ajidan na cewa doucement, kowa da yarensa yana faɗin a bi a hankali. Sauran sojojin suka ajiye nasu suka kewaye su.

An fi minti ashirin ana haka. Gumi ya jiƙa Yaya sharkaf, har cikin safar da ke riƙe ƙafar. Wata igiyar ruwa ta bugi jirgin ya karkata, sai kawai ƙafar roba ta zame ta fito daga wando, ta biyo daɓen jirgi da takalminta, sululu, ta zo ta tsaya daidai ƙarƙashin bencin da nake kwance. Kowa ya bi ta da ido. Wannan shi ne abin da Yaya ya fi tsoro, abin da ya hana shi shiga mutane wata da watanni, kada ƙafar ta fita a gaban jama'a. Na jawo ta na rungume, ina jiran ya saki fatsar.

Bai sake ta ba. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya jingina cinyarsa da ƙarfen jirgi, Ajidan ya ƙanƙame shi ta baya. Ya waiwayo ya gan ni kwance cikin bargo, ido zuru-zuru, rungume da ƙafarsa kamar mai renon jariri. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin nakiya.

"Riƙe min ita, ɗan'uwa, aiki nake yi," ya ce. "Kada dai ka yi mata amai."

Jirgi gaba ɗaya ya ɗauka, har matuƙi sai da ya dafa sitiyari yana share hawaye. Ba a jima ba aka ɗago kifin, ya kusa kai tsayin mutum. Yaya ya zauna yana haki, ya karɓi ƙafarsa, ya goge ta da tawul, ya mayar da ita da kansa a gaban kowa. Wani Kofur ya matso yana tambayarsa yadda take maƙalewa, Yaya ya sake cirewa ya nuna masa. Daga nan ya tako har inda nake, yana dafa ƙarfe, ya yanka lemon tsami ya sa mini a baki, ya ce in daina kallon ruwa, in kalli can nesa inda sama ta haɗu da teku.

Da yamma muka kai kifin masaukin leburori. Aka soya, aka dafa shinkafa, Yaya na tsaye da ludayi yana zuba wa mutane, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi. A mota muna komowa, yana kallon titi, ya ce a hankali, "Ka san tun da na zo garin nan, sai yau wani ya nemi wani abu a wurina." Bai ce don ya ɓata mini rai ba, amma maganar ta shige ni har ƙashi.

Maganar tikiti ba ta sake tasowa ba. Ya gama makonninsa shida, na bar shi yana hawa bas shi kaɗai zuwa asibiti, ko da yake kwana biyun farko sai da na laɓe na bi shi daga nesa. Yanzu yana Kano yana harkokinsa, kuma har yau shi da Ajidan suna musu a waya kan wace ƙasa ce ta kama kifin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne tausayi ma yana iya zama ɗauri. Wanda ya saba ɗaukar nauyin jama'a, in ka ɗauke masa komai ka ƙarasa abin da rauni ya fara. In kana son ka tashi irinsa, kada ka tsaya ga miƙa masa hannu, nemi nasa hannun shi ma.