Talatar da Rafi Yake Hutawa

Mun tashi daga Nima, unguwarmu a Ankara, babban birninmu na bakin teku, ranar Lahadi, ladan bai sauke kiran assalatu ba, ni da ƙanena. Kwana uku ke nan da aka bugo waya cewa autata ta sauka lafiya, an samu namiji, can cikin kurmin yamma inda mijinta yake kula da gonar kokon wani mutum. Haihuwar fari ce, a ɗakina ya kamata ta yi ta, sai damina ta ɓata hanya, ciki kuma ya tsufa. To, tunda ba ta zo ba, ni sai in je. Ban yi makaranta ba, amma abu ɗaya na riƙe: wankan jego kwana arba'in ne, safe da yamma, ba a tsallake ko ɗaya, in an tsallake sanyi ya shiga mace har tsufanta. Haka aka yi mini, haka na yi wa yayyenta uku.

A tashar Kaneshi mai lodin kaya ya ɗaga buhuna, ya ji gero da kanwa da kuka da busasshen ganyen darbejiya, ya ce, "Hajiya, kasuwar Makola gaba ɗaya kika kwaso?" Kuɗin buhun ya kusa kamo na kujerata. Mun daɗe a cunkoson motoci na mahaɗar Malam, har na gama jan carbina ba mu wuce mahaɗar ba. Daga nan hanya ta miƙe, teku yana leƙo mu ta hagu, mata suna bin tagogi da dokunun Fanti, tuwon masara mai tsami, a naɗe cikin ganye. A Takoradi muka canza mota muka juya wa teku baya. Bayan Tarkwa na ga koguna sun koma launin kunun kanwa, aka ce aikin masu tonon zinariya ne. Mun kwana a zangon wani gari mai kasuwa, matar limamin ta ba mu tabarma da tuwo, Allah ya saka mata.

Ranar Litinin wata tsohuwar mota ta kai mu inda kwalta ta ƙare, daga nan sai babur. Ni da ban taɓa hawa ba, na riƙe rigar yaron mutane ina salati har muka isa. Kurmi kuwa, jama'a, ba a ba da labarinsa. Bishiya kan bishiya, rana tana sama amma ba ta sauko ƙasa, ko'ina kore, ko'ina ɗanshi, ga tsamin kokon da aka rufe da ganye yana tashi. Ƙauyen gidaje ne na laka da kwano, ba su fi talatin ba, da ɗan coci guda. Waya ba ta shiga sai ka hau wani tudu ka tsaya kan kututture. Abin da zai sayi borode, wato ayabar dafawa, guda uku a kasuwar Mamobi kusa da mu, a can kai guda za a sare maka, a ƙara maka da gwaza.

Na tarar da 'yata ta rame, kwana huɗu da tawul kawai ake goge mata jiki. Ban zauna ba. A bayan ɗaki na ga duro cike da ruwa har baki, na ce alhamdu lillahi. Na hura wuta da ƙyar, don icen can ba ya bushewa, na tafasa ruwa da ganye na yi mata wanka na gaskiya, na wanke jariri, na wanke zannuwa, na wanke tukwane, sai da na kife duron nan. Surukina yana tsaye gefe, ya buɗe baki ya rufe, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, yaro mai kunya, an yi masa tarbiyya.

Washegari Talata, ina idar da asuba na ɗauki bokiti na kama hanyar rafi, wadda na ga mata suna bi jiya. Ban tambayi kowa ba, me zai hana mutum ɗiban ruwa? Hanyar dai shiru, babu mace ko ɗaya, amma ban kawo komai a raina ba. Ina jin ƙarar ruwa ke nan sai na tarar da wata tsohuwa a gindin rimi tana tsintar dodon koɗi. Ita ce babbar gidan masu gonar, kowa Nana yake ce mata. Da ɗan yaren Tuwin da na koya a kasuwa muka yi magana.

"Hajiya, ina zuwa da bokiti?"

"Rafi, Nana. Mai jego tana jira."

"Yau Talata. Rafi yana hutawa, ba a taka bakinsa."

Na ce, "Ruwa na Allah ne, ni ban san wani mai shi ba."

Ta ajiye kwandonta ta dube ni. "Ni ma coci nake zuwa. Ban ce ki durƙusa masa ba, cewa na yi ki bar shi ya huta. Surukinki duk Juma'a da rana yana barin gona, akwai wanda ya taɓa tambayarsa dalili? In kika tsoma bokitin nan, ke baƙuwa ce, gobe kin tafi. Surukinki za a kira gaban sarki ya kawo tunkiya, kuma ɗana ba zai bar gonarsa a hannun gidan da ya karya ranar rafi ba."

Na tsaya da bokiti a hannu. Ga ruwa ina hangensa ta tsakanin ganye, taku ashirin bai kai ba. Nan lafiyar 'yata, nan abincin bakinta. Na juyo gida da bokitina wayam.

Sai a lokacin surukina ya yi magana, kansa a ƙasa. Ashe ruwan duron nan na kwana biyu ne, kowane gida ranar Litinin yake tara na Talata. Ya ga ina kwarara shi, nauyin surukuta ya hana shi cewa in rage. Na ce, "Ɗan nan, kunya ado ce, amma ran da ka ga na nufi rami ka yi magana." Na zauna a bakin ƙofa ina duban sama. Garin da kullum ruwa yake sauka, ranar ko gajimare babu. 'Yata ta ce, "Mma, wanka ɗaya ne, a bar shi." Na ci gaba da duban sama.

Hantsi ya ɗaga sai ga Nana da bokiti a ka, mata a bayanta. Kowace ta ɗebo daga abin da ta tara wa gidanta, wata bokiti, wata rabi, wata tukunya, har da mai damin busasshen ice da ta sauke daga saman murhunta. Suka juye a duro, bokiti tara na ƙirga. Nana ta tsaya ta ga yadda muke namu wankan. Ta tsoma yatsa a ruwan ta janye da sauri. "Hajiya, jego ake yi ko kaza za ki fige?" 'Yata ta yi dariya, ta ce ma'aikaciyar asibiti ma ta hana mai zafi sosai. Na sirka da ƙwarya biyu, ban ƙara ba.

Bayan suna ƙanena ya koma Ankara, ni na zauna. Duk Litinin da ni ake jerin rafi, sawu biyu, wani lokaci uku. Na ci fufu, sakwarar can, da miyar ganyen gwaza har na saba, dodon koɗi ne dai na ce a yafe mini. Nana kuwa ta kamu da son kunun kanwa, kullum da safe sai ta zo duba jariri da kofinta a hannu. Ranar arba'in na yi wa 'yata wankan ƙarshe, tun zuwana ba mu tsallake ko ɗaya ba, ta cika ta yi kyau.

Na dawo Nima da borode kai biyu da buhun gwaza, ƙafafuna a kumbure, hayaniyar layinmu har ta zame mini baƙuwa. Tun ina yarinya nake jin ana cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, sai da furfura ta cika mini kai na gane da ni ake. Wanda zai shiga garin mutane, ya tambayi abin da ba a yi kafin ya nuna abin da ya iya. Maƙwabciyata ta zo yi mini sannu da hanya, ta ce, "Kayya, yarinyar nan tana can daji ita kaɗai, ba dangi ba kowa." Na ce mata tana da dangi, ni na ƙirga bokitansu.