Rantsuwar Ladan Aisami

Shekara ashirin da biyu muryar Malam Aisami tana tashin unguwarsu a Gure. Kafin zakara ya gama gyara fiffike, kiran sallarsa ya riga ya ratsa zana-zana, ya sauka a kan tudun rairayi. Ba shi da gona mai girma, ba shi da garke. Muryar nan ita ce abin da ya mallaka.

Wata rana Sufiyanu, mai haɗa gajerun finafinai da salula, ya zo ya durƙusa gabansa. Fim zai yi a kan shaidar zur, yadda ake cinye burtalin makiyaya a mai da shi gona.

"Baba Ladan, fuskarka nake so. In mutum irinka ya yi ƙarya a fim, jikin kowa zai yi sanyi."

"To ni kuma me zan ce wa Allah?"

"Wa'azi ne, Baba. Wasa ne kawai."

Aisami ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ba zai taɓa Alƙur'ani ba. Aka cusa tsofaffin takardun lakkwal, wato makarantar boko, cikin gafakar Alƙur'ani. Ya ɗora hannu, ya rantse cewa burtali gonar kakansa ce. Minti tara fim ɗin, aka gama da hantsi.

Cikin sati biyu fim ɗin ya zaga Kelle da Gidigir, ya kai Damagaram. A kasuwa mahauta suka fara yi masa kirari: "Ga mai burtali! Malam, zo ka rantse mana naman nan na yau ne!" Yakan yi dariya. Har cikin ransa ya ɗan ji daɗi, don bai taɓa sanin baƙi za su nuna shi da yatsa ba.

Sai damina ta faɗi, mura ta kama shi, muryar ta dushe. Sati ɗaya, wata ɗaya, ba ta dawo ba. Matarsa Zara ta dawo daga rijiya da tulu rabi, idonta ja.

"Malam, cewa suke Littafi ne ya ci ka."

"Ke ma kin san takardun lakkwal ne!"

"Ni na sani. Su gafaka suka gani."

Liman ya kira shi gefe bayan la'asar, ya daɗe yana jan carbi. "Malam Aisami, ka huta. Almajirina Garbai zai riƙa kira. Mutane sun ce zuciyarsu ba ta kwanta ba."

Ranar kasuwa Aisami ya ɗauki gafakar, ya bi rumfa-rumfa yana buɗe ta, yana nuna lissafin yara da jan biro. Wani tsoho ya duba, ya girgiza kai. "Yau takardu ne a ciki. Ran nan fa, wa ya gani?"

Aisami ya kira Sufiyanu a waya, wanda yanzu yake Yamai ana ba shi kyauta kan fim ɗin. Ya roƙe shi ya zo ya ɗauki gafakar a buɗe.

"Baba, ko na ɗauka, ba mai turawa. Amma fa ka yi suna!"

Da kaka muryar ta dawo, tas, kamar ba ta taɓa tafiya ba. Ya je ya gaya wa liman. Liman ya ce alhamdulillahi, amma bai mayar masa da kiran ba.

Yanzu Aisami yana tsayawa a sahun ƙarshe, kusa da takalma. In Garbai ya ɗaga murya, leɓɓansa sukan motsa tare da shi, ba sauti.