Injiniya da Tsohon Kebul

Maƙwabcina da ake kira Injiniya bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba. Ya samu sunan ne ranar da ya gyara fankar ɗakin taro, shekara goma sha tara ke nan, kuma da shi yake ci har yau. Duk kwamfutar da ta yi gardama a layinmu, shagonsa na ƙarƙashin bene ake kai ta.

Bara ya sayi allon kwamfuta wanda, in ji shi, yake sabunta hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa. Wata uku ya yi yana zaɓen katin da zai riƙa zana wa allon hoto. Ya auna cikin kwamfutar da rula, ya cika littafi da lambobi, ya hana mai askin layinmu sakat da bayani. A zamaninmu keken rubutu ɗaya ne a ofis, harafinsa guda a karkace, kuma wasiƙunmu suna isa inda aka aika su.

Da katin ya iso, bai sayi kebul ɗin da zai haɗa shi da allon ba. Injiniya ba ya zubar da kebul, yana da kwali guda cike da su. Ya zaro wanda bakinsa ya shiga, ya soka.

Daga nan ya shiga tare mu a hanya. "Malam, zo ka ga santsi!" Sai ya yi ta yawo da 'yar kibiyar kwamfuta a kan allon. Na gyara tabarau, ban ga komai ba, na ce madalla. Mai aski har rantsuwa ya yi cewa idonsa ya huta.

Ran nan ƙanwar matarsa, mai aiki a gidan ɗab'i, ta leƙo shagon yana cike da mutane. Ta danna wuri biyu a kwamfutar.

"Yaya, ai sittin yake yi."

"Sittin me?"

"Sittin a daƙiƙa, kamar na kowa. Wannan kebul ɗin ya girmi aurenka da yayata, ina zai iya ɗaukar abin da katin ke turowa?"

"Ke, me kika sani a harkar inji?"

"Ga shi nan a rubuce. Ko in karanta maka?"

Ashe wata takwas muka yi muna yabon sittin.

Washegari Injiniya ya sayo sabon kebul, ya sake aikowa mu zo mu gani. Mai aski kaɗai ya je, shi ma lambar wayar ƙanwar ya je karɓa, don kwamfutar 'yarsa ta ƙi tashi.